Giɓin Babi na Biyar

Ƙarama ta sake danna maɓallin, ta jawo kujera kusa da tebur, ta zuba wa allon kwamfutar ido. Baƙaƙen layuka suka fara fitowa daga ƙasa suna hawa sama, a matse da juna. Suka iso inda ta saba ganin farin fili, suka bi ta kansa suka wuce, ko tsayawa ba su yi ba. Sai can sama, wurin da lissafinta bai taɓa kaiwa ba, farin filin ya buɗe baki.

"Kai kuma me ya kai ka can?" ta ce a hankali.

Babu kowa a ɗakin kwamfutar sai ita da wata fanka mai ƙara. Safiya ce, kuma da rana za ta tsaya gaban kwamiti ta kare kundin digirinta na uku. Ba wani babban abu ne ya kawo ta ba. Sashen lissafi ya samu sabuwar na'ura mai ƙarfi a makon jiya, ita kuwa so take ta sake fitar da hoton babi na biyar ya fito ras a majigi, tunda tsohon ya yi dishi-dishi. Ashe allura ce za ta tono garma.

Aikin nata ba mai wuyar faɗa ba ne, tunda maigidanta ma, direban bas, ya gane shi ranar da ta kwatanta masa. A cikin ƙarfe ko gishiri ƙwayoyin zarra a jere suke, tsari ɗaya yana ta maimaita kansa. Ilektiron, ɗan mitsitsin abin nan mai ɗauke da lantarki, in yana ratsa wannan jeri ba kowane kuzari yake iya ɗauka ba. Akwai matakan da yake takawa, akwai kuma giɓi tsakaninsu da ba ya taɓa zama a ciki. In kuzarinsa kaɗan ne yana jin kowane tudu da kwari, giɓin kuma da faɗi. In kuzarin ya yi sama sosai sai ya wuce kamar ba komai a gabansa, giɓin ya toshe.

"Hanya mai gargada ke nan," in ji maigidan a ranar. "In ka lallaɓa ta karya maka baya, in ka taka mota sai ka ji sumul."

Haka abin yake, kuma masana sun kafa hujjarsa a tsare-tsare da dama. Ita kuwa sai ga lissafinta, a wani tsari da hujjar ba ta kai gare shi ba, ya nuna ƙaton giɓi a can sama inda ko tsaga bai kamata a gani ba. Shi ne babi na biyar, kuma shi ne ya sa aka san da zaman sashen nasu a waje.

To amma kwamfuta ba ta iya lissafa abin da ba shi da iyaka. Dole ka yanke mata a wani wuri, ka ce tsaya nan. Kuma duk wanda ya ɗanɗana wannan sana'a ya san lissafi yakan yi ƙarya a kusa da bakin yanka. Maganin ba ɓoyayye ba ne: ka ɗaga iyakar, ka sake lissafin, ka ga ko amsar ta zauna inda take. Ƙarama ta sake ɗaga iyakar. Giɓin ya sake matsawa sama, yana manne da bakin yankan. Ta ƙara, ya bi. Sai ta jingina da kujera ta rufe ido. Gajeren bargo ne kawai, duk inda bakinsa ya tsaya nan sanyi yake shiga. Babu wani giɓi.

Haushi ne ya riga tsoro isowa, domin ta faɗa. Wallahi ta faɗa. Tun ranar da farin filin ya fara fitowa a tsohuwar kwamfutarta ta hannu, wadda in ta ɗau zafi sai an ɗora ta a kan bulo an kunna mata fanka, ta je ta gaya wa Farfesa, mai duba aikinta, cewa abin ya yi kusa da bakin yanka. Ta roƙe shi ya nema mata izinin amfani da babbar na'urar tsangayar injiniya ta tabbatar. Ya ce sai ya duba. Amsarsa ke nan ga komai, har ɗalibai suka raɗa masa Sai-Na-Duba a bayan idonsa. Ta koma, ya ce sai ya duba. Ta sake komawa, ta tarar ya tafi taro ƙasar waje da hoton a jakarsa.

Kuma yau ba ta da gobe. Jami'a ta kafa doka cewa duk malamin da bai kammala digiri na uku ba zuwa ƙarshen wannan zangon, ya ajiye alli ya kama gabansa. An ƙara mata wa'adi har an gaji. Ba wanda ya tambayi dalilin jinkirin, balle a ji cewa babinta na biyu ya shekara a but ɗin motar Farfesa tare da taya da jarkar mai, ko cewa ita ke koyar da azuzuwansa, ita ke duba masa takardun jarrabawa. Tun da aka ɗauke ta aiki tana mafi ƙanƙanta a sashen ake ce mata Ƙarama. Yanzu 'yarta ta fari tana sakandare, sunan bai sake ta ba, aiken ma bai sake ta ba.

Ta buga hotunan a takarda, ta kashe na'urar, ta haura sama.

Ta same shi a ofis yana shan shayi, ya sha kwat saboda zuwan baƙon da zai jarraba ta. A bango bayan kujerarsa hoton giɓin ne rataye cikin gilashi, sunansa a ƙasa da manyan haruffa, nata kuwa sai ka sa tabarau.

"Ƙarama, yau ranarki ce. An shirya?"

"Ranka ya daɗe, akwai matsala a babi na biyar."

Ta jera masa takardun a kan tebur. Ya ɗauki ta farko, ya ɗauki ta biyu, ta ukun kallo ɗaya kawai ya yi mata. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Farfesa ba jahili ba ne. Da jahili ne da abin ya zo da sauƙi, sai ta zauna ta yi masa bayani. Mutumin nan a ƙuruciyarsa ya yi aikin da har yau ake karantawa, kuma kafin ya ajiye kofin shayi ya riga ya gane komai.

"Wa ya gani?"

"Ba kowa."

"Madalla." Ya haɗa takardun ya jefa a aljihun tebur, ya tura shi da gwiwa. "Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yata. Je ki wanke fuska ki sha ruwa."

"Ranka ya daɗe, babu giɓin nan. Bakin yanka ne. Na gaya maka tun farko ina shakka."

"Kin gaya mini?"

"Sau nawa ma."

"A rubuce?"

Ta tsaya tana kallonsa. Wai a rubuce. Mutumin da ta sha ɗauko wa yara daga makaranta, wanda ta yini a asibiti tana jinyar matarsa lokacin da yake ƙasar waje, yau shi ne yake tambayarta a rubuce.

"Zauna," ya ce. Ba ta zauna ba, shi ma bai sake cewa ba. "Na kai hoton nan taro an tafa mini. Mujalla ta buga shi. Shugaban jami'a ya ambace shi a jawabi gaban baƙi. Yanzu so kike in fita in ce me? In ce ɗalibata ba ta iya duba lissafinta ba?"

"Ɗalibarka?"

"To wa ya yi lissafin, ni ko ke?"

Dubi ikon Allah. Ranar tafi aikin nasa ne, ranar da ya ruɓe ya zama nata. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ta dafa bayan kujerar da ya ce ta zauna a kai.

"Sauran babi huɗu lafiya suke," ta ce. "A cire na biyar, in kare abin da yake gaskiya."

"Babi huɗun nan digiri na biyu ne da ɗan ƙari. Ki cire na biyar, kwamiti ya ce ki koma ki ƙara aiki. Wa'adinki kuma kin san ranar da yake ƙarewa. Ba digiri, ba aji, ba ofis. Kina da yara, mijinki a kan titi yake yini. Ni me zan rasa? Ɗan surutu ne, ya wuce." Ya sassauta murya, kuma sassaucin ya fi tsawa ciwo. "Ki bar kaza cikin gashinta. In an gama, hankali ya kwanta, sai in duba."

"In aka tambaye ni fa?"

Sai ya yi dariya, dariya ta gaske, har da share ido.

"Wa zai tambaye ki?"

Ta sauko ta tarar da maigidanta a ƙofar tsangaya. Ya ajiye bas ɗinsa a inuwa yana sauke katan na lemo da ruwa don 'yan kwamiti. Ya bar aikin yini guda saboda wannan rana, ya kuma sa rigarsa ta fita unguwa.

"Malama, wannan fuska fa? Ko sun kayar da ke tun ba a shiga fili ba?"

Ta ja shi cikin motar, suka zauna a gaba, ta kwashe komai ta gaya masa. Ya saurara yana murza makulli a hannu.

"Wato hanyar sumul take har ƙarshe. Ba rami."

"Ba rami."

"Shi kuma ya san ba rami."

"Sarai ya sani."

Ya ja tsaki mai tsawo. "Ni da na ɗauka mu direbobi ne kaɗai ke rufe ƙarar inji da rediyo." Sannan ya juyo. "Bari in tambaye ki, ki amsa mini tsakani da Allah. In kin yi shiru, gada za ta rushe? Wani zai sha magani ya mutu?"

"A'a. Kundi ne, za a ajiye shi a kanta ƙura ta rufe shi."

"To wa zai cutu?"

"Ba kowa."

"In kin yi magana fa?"

Ta kalli tsagewar da ke gilashin gaban motar, wadda tun bara yake cewa zai canza. "Mu," ta ce.

"To. Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Ban kuma ce ki ƙone mana gida don kashe ɓera ba. Ke kika san aikinki, duk wanda kika zaɓa ina nan a ƙofa."

Da ya yi mata faɗa ko wa'azi da ta samu wanda za ta sauke wa haushi. Bai yi ba. Nan a kujerar bas ta yanke shawara tsakaninta da kanta, shawarar da ita ma ta san ta matsorata ce: ba za ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba, ba kuma za ta tono maganar da kanta ba. Amma in wani ya yi tambayar, wato ko ta ɗaga iyakar ta gwada, za ta faɗi gaskiya duk abin da zai faru ya faru. A ranta kuwa ta tabbata za a yi. Tambayar farko ce a sana'ar, ita kanta tana yi wa 'yan aji uku ita kowane zango.

Ɗakin taron ya cika. Ɗaliban manyan digiri sun jeru a kujerun baya, a gaba kuma 'yan kwamiti: shugaban zama, da wakiliyar makarantar manyan digiri, da Farfesa, da Baƙo, wato mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, abokin karatun Farfesa tun suna samari. Baƙo ya iso a makare yana mitar cunkoson hanya, kuma tun kafin ya zauna ya sanar cewa motar komawarsa ba ta jira. Kundin da aka aika masa tun watannin baya yana gabansa fes, ko lanƙwasa babu a gefen shafi.

A kujerar gaba ta ɓangaren ɗalibai akwai wani dattijo mai furfura a gemu, wanda kowa ke kira Hedimasta. Ya daɗe yana shugabantar wata makarantar sakandare, sannan ya ajiye muƙamin ya dawo karatun digiri na uku a ƙarƙashin Farfesa a farkon wannan shekarar. Shi kaɗai ne a ɗakin yake rubuta abin da take faɗa, kansa a sunkuye, tabarau a kan hanci.

Ƙarama ta bi babi huɗun farko da natsuwa, domin nata ne kuma ta san kowane lungu nasu. Da ta zo na biyar ta haska tsohon hoton, ta zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya.

"Abin da kwamfutar ta nuna ke nan a iyakar da muka tsaya."

Ta maimaita "a iyakar da muka tsaya". Ta ɗaga murya a kai. Ta kai sanda ta nuna yadda farin filin yake dab da saman hoton, ta bar sandar a wurin har hannunta ya gaji. Abin da ya rage kawai ta kamo hannunsu ta ɗora a kai. Farfesa yana ɓare murfin kwalbar ruwa.

Aka buɗe fagen tambaya. Wakiliya ta zaro rula daga jaka, rula ta gaske, ta auna gefen shafi, ta ce na hagu bai kai abin da doka ta ce ba. Ta kuma gano cewa a shafin godiya an sa maigida kafin shugaban sashe. Shugaban zama, wanda fanninsa daban ne, ya tambaya ta yaya wannan bincike zai rage wa talaka tsadar rayuwa. Ta amsa da ladabi. Shekarun da ta ƙarar da idonta a kan wannan aiki, ga abin da ake aunawa.

Sai Baƙo ya gyara zama ya buɗe kundin, takardun suna ƙara irin ta sabon littafi. Ya tsaya a hoton.

"Babi na biyar," ya ce. "Wannan shi ne nama, sauran romo ne. Malama, wace irin na'ura kika yi amfani da ita?"

Ga ƙofar nan. Daga wannan tambaya taki ɗaya ne zuwa waccan. Ta ga Farfesa ya ajiye kwalbar.

"Tsohuwar kwamfutata ta hannu ce, ranka ya daɗe. Ba ta iya ɗaukar lissafi mai yawa. Shi ya sa muka yanke a daidai nan, dab da giɓin."

Ta tsaya tana jira, amsar a kan harshenta. Baƙo ya gyaɗa kai a hankali. Ya cire tabarau. Ya juya ga ɗaliban da ke baya.

"Kun ji ko? Tsohuwar kwamfuta ta hannu. Ku kuma kullum kuka, ba kayan aiki, ba kayan aiki. Ba na'ura ke bincike ba, ƙwaƙwalwa ce." Ya rufe kundin. "Ni ba ni da sauran tambaya."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Hedimasta har ya ajiye biro don ya tafa da kyau. Ƙarama tana tsaye da sanda a hannu, ji take kamar ta kwaɗa ta a kan tebur ta ce ku tambaye ni mana. Manyan malamai sun jeru, kowa da rigar girma, an nuna musu ɓaraka da sanda, an faɗa musu da baki, sun mayar da ita abin yabo. Amma ba ta ce komai ba, kuma wannan shirun nata ya fi nasu ba ta haushi.

Aka fitar da kowa, aka ɗan jima, aka kira ta. Ta ci, da ƙananan gyare-gyare: gefen shafi, shafin godiya, wasu waƙafi. Mai duba aikinta ne zai tabbatar an yi gyaran ya sa hannu, kuma sai ya sa hannu za a kai sunanta majalisar jami'a kafin zango ya rufe. Farfesa ya miƙe ya ce shi dama tun ranar farko ya san yarinyar nan za ta fitar da shi kunya. Da zai wuce ta gefenta ya rage murya.

"Kin gani? Ki kawo gyaran ofis, sai in duba."

A baranda ɗalibai suka yanyame ta, kowa Dakta, Dakta. Ta yi ta murmushi har kumatunta suka gaji. Daga nan tana hango maigidanta a ƙasa ya jingina da bas, ya ɗaga mata hannu yana tambaya da ido. Ta gyaɗa masa kai. Ya dafe ƙirji ya sauke numfashi, sannan ya zaro waya, ta san yara zai kira.

Da mutane suka ragu sai ga Hedimasta, ya tsaya nesa kaɗan yana jiran a gama, jakarsa ta fata a hammata.

"Dakta, Allah ya sanya alheri. Yau kin wanke mu."

"Amin, Baba Hedimasta. Na gode."

"Wallahi ina zaune ina jin kamar 'yata ce a gaban allo." Ya matso, fuskarsa cike da fara'a. "Albishirinki. Ni zan gaje ki."

"Gado kuma?"

"Farfesa ya kira ni ɗazu kafin a shiga. Kin san tun da na zo nake yawo ba ni da maudu'i, kullum sai ya duba. To yau ya duba. Ya ce in ɗauki giɓinki in kafa masa hujja da alƙalami, tunda ke a kwamfuta kika gan shi. In na gama, in nemo na biyu a samansa. Ya ce in na dage, shekara uku ko huɗu."

Ƙarama ta maimaita maganar a ranta. Ɗazu kafin a shiga. Wato bayan ya ga takardun, bayan ya tura aljihun tebur da gwiwa, ya kira wannan bawan Allah ya damƙa masa abin da ya san babu shi. Ba ta ma sha wahalar gane dalili ba. Muddin akwai ɗalibi yana aiki a kai, giɓin yana da rai, ana iya cewa bincike na ci gaba. In dattijon ya kasa, sai a ce tsufa ne, kai ya ƙi ja.

"Ya ce ka sake lissafin a sabuwar na'ura?" ta tambaya.

"A'a, ya ce kada in ɓata lokaci a kan abin da aka riga aka tabbatar. Gaskiyarsa kuwa. Ni shekaruna sun ja, Dakta, ba ni da na zubarwa. Yaran gida dariya suke mini, wai zan karɓi digiri da sanda a hannu. Uwarsu ta ce na bar kujera ina shugaba na dawo ina ɗaukar wa wani jaka. Na ce su bari su gani." Ya yi 'yar dariya. "Alfarma ɗaya nake nema. In kin huta, ki zauna da ni ki nuna mini yadda kika same shi, don in san inda zan sa ƙafa."

Ta dube shi. Kwalar rigarsa ta sha guga har ta fara cinyewa, yatsunsa duk tawada. Mutumin nan zai zauna shekara da shekaru yana neman hujjar abin da ba shi da hujja, kullum yana zargin kansa, yana cewa shi ne bai iya ba. Kuma kowace safiya za su haɗu a wannan barandar ya ce mata Dakta.

Ƙofar ofishin Farfesa ta buɗe. Ya fito da Baƙo suna dariya, ya raka shi bakin matakala, suka yi sallama. Da ya juyo ya gan su tsaye su biyu, sai dariyar ta ɗan rage.

A ƙasa maigidanta ya danna hon sau ɗaya, a hankali, irin na tunatarwa. Ta leƙa ta yi masa alama da hannu ya jira.

"Baba Hedimasta, ba sai na huta ba," ta ce. "Zo mu je yanzu."

"Yanzu? Ai iyali na jiranki."

"Ba zai ɗau lokaci ba."

Suka nufi matakala, dole kuma su bi ta gaban Farfesa. Bai matsa ba.

"Dakta, ina zuwa?"

"Ɗakin kwamfuta, ranka ya daɗe. Hedimasta yana son ya ga yadda aka samu giɓin."

Farfesa ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe yana dubanta. Hedimasta yana ta murmushi, yana kallon wannan yana kallon wancan, bai san dawan garin ba.

"Ban sa hannu a gyaranki ba tukuna," in ji Farfesa a hankali.

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ta raɓa ta gefensa ta fara sauka. A bayanta tana jin takun dattijon yana biye, yana laluben aljihu.

"Dakta, in zo da biro?"

"Zo da shi," ta ce. "Ka zauna kusa da allon, inda za ka gani da kyau."